Alois Alzheimer: Likitan da ya bi sawun taɓin hankali har cikin ƙwaƙwalwa

Sunan Alzheimer ya zama sunan cuta a bakin duniya, har da yawa daga cikin masu ambatonsa ba su san cewa asalinsa sunan wani likita ba ne. Bajamushe ne da ya rayu shekara 51 kacal, ya shafe 27 daga cikinsu tsakanin ɗakin marasa lafiya da ɗakin bincike. Tambaya guda ya sa a gaba tun yana matashi: idan hankalin mutum ya gushe, shin akwai alamar da hakan ke bari a naman ƙwaƙwalwa, wadda ido zai iya gani? A kan wasu cututtuka ya sami amsa ƙarara. A kan wasu kuwa ya mutu yana nema, kuma waɗanda suka gaje shi ba su gama neman ba har yau.

An haifi Alois Alzheimer ranar 14 ga Yuni, 1864, a Marktbreit, wani ƙaramin gari da ke bakin kogin Main a yankin Bavariya. Mahaifinsa, Eduard, jami'i ne mai shaida takardun yarjejeniya da na gado. Ya yi sakandare a Aschaffenburg, ya gama a 1883, sannan ya karanta aikin likita a jami'o'in Berlin da Tübingen da Würzburg. Ɗalibi ne mai son raha da shiga jama'a, kuma tabon da ke gefen hagu na fuskarsa ya samo shi ne a wasan takobi irin wanda ƙungiyoyin ɗaliban Jamus ke alfahari da shi a wancan zamani. Kundin digirinsa na 1887 bai shafi hankali ko kaɗan ba, domin a kan sassan da ke samar da dauɗar kunne ya rubuta shi. Mai karatu na iya murmushi, amma a wannan aiki ne ya koyi yanka nama siriri ya fi takarda, ya ɗora a kan gilashi, ya duba a madubin likita, ya zana abin da ya gani da hannunsa. Da wannan sana'a ya ci abinci har ƙarshen rayuwarsa.

Bayan ya sami izinin aiki a 1888, sai aka ɗauke shi ya raka wata mata mai taɓin hankali tafiya ta wata biyar, kamar yadda masu hali kan yi wa 'yan'uwansu a lokacin. A watan Disamban shekarar ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali da farfaɗiya na birnin Frankfurt, ƙarƙashin Emil Sioli, wanda shi ma bai daɗe da karɓar shugabancin wurin ba. Marasa lafiya sun haura 200, likitoci kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ya kamata a san yadda irin waɗannan asibitoci suke a Turai a ƙarshen ƙarni na 19. Wuraren ajiya ne fiye da wuraren magani. Ana ɗaure mai tashin hankali da rigar da ke harɗe hannuwa, ana kulle shi shi kaɗai, kuma wanda ya shiga da wuya ya fita. Sioli ya ƙudurta sauya wannan. Da shi da Alzheimer da wani matashin likita, Franz Nissl, wanda ya iso a 1889, suka rage ɗauri da kulle, suka koma ga sanya mai firgita cikin ruwan ɗumi na tsawon sa'o'i har ya lafa, da barin marasa lafiya su zaga lambu, da zama a yi hira da su a rubuta abin da suka ce. Wannan na ƙarshe ya fi kama da ƙaramin abu, amma shi ne ya sa muke da labarin matar da za ta zo daga baya.

Haɗuwarsa da Nissl ita ce babbar sa'ar rayuwarsa ta ilimi. Ƙwaƙwalwa idan aka yanka ta aka duba a madubi haka nan, kusan ba a ganin komai, domin fara ce fat, kamar kitse. Sai an rina ta sannan sassanta ke fitowa. Tun yana ɗalibi a Munich Nissl ya ƙirƙiro hanyar taurara nama da barasa a rina shi, ta yadda jikin kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa zai fito fili, kuma har gobe ana amfani da rinin da ke ɗauke da sunansa. Da rana su biyun suna zagayen marasa lafiya, da dare suna kan madubi har tsakar dare. Dabarar da suka bi mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar aikatawa: a lura da mara lafiya shekara da shekaru, a rubuta komai, idan ya mutu a duba ƙwaƙwalwarsa, sannan a gwada abin da aka rubuta da abin da aka gani. Nissl ne mai yawan sababbin tunani, Alzheimer ne mai haƙurin tabbatarwa. Abotarsu ta ɗore bayan Nissl ya koma Heidelberg a 1895 don aiki da Emil Kraepelin.

A 1894 Alzheimer ya auri Cecilie Geisenheimer, wadda mijinta na fari, wani attajiri, ya rasu ya bar mata dukiya. Suka haifi 'ya'ya uku, Gertrud da Hans da Maria. Auren bai kai shekara bakwai ba, Cecilie ta rasu a farkon 1901, 'yar'uwarsa Elisabeth ta zo ta riƙe yaran, shi kuma bai sake aure ba. Dukiyar da ta bari ce ta ba shi damar yin aiki shekaru ba albashi, da sayen kayan ɗakin bincike daga aljihunsa, da biyan kuɗin buga zane-zanen littattafansa. Ba kasafai ake ambaton wannan mata idan ana tarihin cutar ba, alhali da kuɗinta aka yi rabin aikin.

Wata tara bayan wannan rashi, ranar 25 ga Nuwamba, 1901, wani ma'aikacin ofishin jirgin ƙasa ya kawo matarsa asibitin. Sunanta Auguste Deter, shekarunta 51. Abin ya fara ne da kishi mara dalili, tana zargin mijin da wata maƙwabciya. Daga nan sai mantuwa, sai ɓata girki, sai ɓoye kaya a lungunan gida, sai tsoron cewa za a kashe ta, sai ihu cikin dare. Kashegari Alzheimer ya zauna da ita, ya rubuta tambayoyinsa da amsoshinta da hannunsa. Ya tambayi sunanta, ta faɗa. Ya tambayi sunan mijinta, ta sake faɗin nata. Ya nuna mata alƙalami da makulli da jakar kuɗi, ta ambaci sunayensu daidai, amma bayan ɗan lokaci ba ta tuna an nuna mata komai ba. Tana cin nama aka tambaye ta me take ci, ta ce alayyafo. Da ya ce ta rubuta sunanta, sai ta fara, ta tsaya a tsakiya, ta manta abin da aka sa ta, kuma a nan ne ta shaida masa cewa ji take kamar ta ɓatar da kanta.

Gigin tsufa ba sabon abu ba ne ga likitocin lokacin, kamar yadda ba sabo ba ne a kowace al'umma. Ana ɗaukarsa ƙarshen hanya ga wanda ya kai saba'in ko tamanin. Abin da ya tsaya wa Alzheimer a rai shi ne shekarun wannan mata, da saurin lalacewarta, da yadda magana da rubutu suka kuɓuce mata alhali hannu da ƙafa lafiya lau.

Bai zauna ya ga ƙarshenta ba. A 1903 ya amsa kiran Kraepelin zuwa Heidelberg, kafin shekarar ta ƙare kuma ya bi shi zuwa Munich, inda aka buɗe sabon asibitin jami'a a 1904 aka damƙa masa ɗakin binciken ƙwaƙwalwa. Sai dai bai saki batun Auguste ba. Yana tambayar halin da take ciki, kuma da mijin ya so mayar da ita wani asibiti mai rahusa saboda nauyin kuɗi, Alzheimer ya sa baki aka bar ta a Frankfurt. Akwai tausayi a wannan, akwai kuma buƙatar mai bincike da ba ya son abin da yake bibiya ya fita daga hannunsa. Dukansu biyu gaskiya ne, kuma ita ba ta cikin halin da za a nemi yardarta.

Babban aikin da ya ɗaga sunansa a wurin takwarorinsa, a gaskiya, wata cuta ce dabam. A wancan zamani kaso mai yawa na mazan da ke asibitocin taɓin hankali suna fama da wata cuta mai haɗa hauka da shanyewar jiki. Mutum mai tsakiyar shekaru sai halinsa ya sauya, ya fara iƙirarin shi sarki ne ko mai tarin zinariya, harshensa ya yi nauyi, tafiyarsa ta lalace, cikin 'yan shekaru ya mutu. An daɗe ana zargin tunjere, amma babu gwajin jini, kuma likitoci kan rikita cutar da wasu masu kama da ita. A 1904 Alzheimer ya gabatar da kundin da ya ba shi matsayin malamin jami'a, wanda ya gina a kan binciken gawa 170. Ya nuna cewa cutar tana da tambarinta a ɓawon ƙwaƙwalwa: kumburi a kewayen ƙananan hanyoyin jini, taruwar wasu ƙwayoyin garkuwar jiki a wurin, da rushewar jerin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Da wannan tambari ana iya raba ta da gigin tsufa da kuma lalacewar da taurin jijiyoyin jini ke jawowa.

Abin da ya biyo baya ya gaskata hanyar tasa. A 1905 Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann suka gano ƙwayar cutar tunjere, a 1906 aka sami gwajin jini na Wassermann, a 1913 kuma Hideyo Noguchi, ɗan Japan da ke aiki a Amurka, ya ga ƙwayar cutar da idonsa a ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da wannan hauka. Da maganin fenisilin ya yaɗu bayan yaƙin duniya na biyu, sai cutar da ta cika ɗakuna ta kusa ɓacewa. Nau'in hauka guda, wanda aka yi ta danganta shi da lalacewar tarbiyya ko gadon dangi, ya tabbata ciwo ne mai ƙwayar cuta da magani. Wannan nasara ce ta sa mutanen Munich suka yi zaton sauran cututtukan hankali ma haka za su faɗo ɗaya bayan ɗaya.

Auguste Deter ta rasu ranar 8 ga Afrilu, 1906, tana da shekara 55, bayan ta daɗe a kwance a dunƙule ba ta magana, gyambon kwanciya ya sa mata guba a jini. Sioli ya aika wa Alzheimer fayil ɗinta da ƙwaƙwalwarta. A ido ma an ga ta motse. Da aka yanka aka rina da azurfa, bisa sabuwar hanyar da Max Bielschowsky ya fito da ita 'yan shekaru kafin nan, sai abubuwa biyu suka bayyana. Na farko, a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kansu, siraran zaruruwa sun yi kauri sun cukurkuɗe, a wasu wuraren ma ƙwayar ta mutu ta ɓace, sai ƙullin zaren kaɗai ya rage a gurbinta. Na biyu, a tsakanin ƙwayoyin, ko'ina a ɓawon ƙwaƙwalwa, akwai ɗigo-ɗigon wani abu da ya taru, wanda ya siffanta da kalmar da likitocin Turai suka aro daga sunan gero a Latin, wato ƙanana barbaje kamar an watsa tsaba. Tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙwayoyin ɓawon sun nuna wannan lalacewa.

Ranar 3 ga Nuwamba, 1906, ya gabatar da sakamakon a taron likitocin hankali na kudu maso yammacin Jamus, karo na 37, a Tübingen. Mutum 88 ne a zauren. Da ya gama, shugaban zaman ya nemi tambaya, ba wanda ya ɗaga hannu. Hankalin mahalarta yana kan muhawarar da ke tafe game da sabuwar hanyar Sigmund Freud ta fassara matsalolin zuciya, wadda Carl Jung ya zo karewa. A 1907 aka buga jawabin, bai wuce 'yan shafuka ba, babu ko zane ɗaya.

An sha ba da wannan labari a matsayin na gwanin da zamaninsa ya raina. Akwai ƙari a ciki. Mara lafiya guda ce, kuma likita mai hankali ba ya gina sabuwar cuta a kan mutum ɗaya. Alzheimer da kansa ya san haka, shi ya sa ya sa wani ɗalibinsa ɗan Italiya, Gaetano Perusini, ya nemo wasu. A 1909 Perusini ya wallafa bayanin mutum huɗu, har da ita Auguste. A 1910 Kraepelin ya fitar da bugu na takwas na littafinsa na koyar da ilimin taɓin hankali, wanda a lokacin shi ne madogara a Turai, ya sa wa wannan nau'i na gigi mai zuwa da wuri sunan abokin aikinsa. Daga nan sunan ya kama.

Abin lura shi ne mai sunan bai gamsu sosai ba. A 1911 ya wallafa dogon bayani a kan wani leburan da aka sani da Johann F., mai shekara 56, wanda ƙwaƙwalwarsa ke cike da ɗigo-ɗigon amma babu cukurkuɗaɗɗen zaren. A wannan rubutu ya karkata ga cewa abin da ya gani wani nau'i ne na gigin tsufa da ya zo kafin lokacinsa, mai tsanani, ba lallai cuta mai zaman kanta ba. Ya fi maigidansa taka-tsantsan, kuma bayan shekara sittin aka gane shi ne ya fi kusa da gaskiya.

Akwai kuma wanda sunan ya danne. Tun a 1892 Paul Blocq da Georges Marinesco suka ga irin waɗannan ɗigo-ɗigo a birnin Paris. A 1907, shekarar da aka buga jawabin Tübingen, Oskar Fischer na jami'ar Jamusawa da ke Prague ya duba ƙwaƙwalwar tsofaffi 16 masu gigi, ya sami ɗigon a 12, ya kuma bayyana su dalla-dalla fiye da yadda Alzheimer ya yi. Makarantar Prague da ta Munich kishiyoyi ne, littafin Kraepelin kuwa ya fi kowane yaɗuwa. Fischer Bayahude ne. Bai sami kujerar da ya cancanta ba, 'yan Nazi suka kama shi, ya mutu a kurkukun Theresienstadt a 1942, aka manta da shi shekaru da dama. Wanda ya karanta aikin mutanen biyu zai yi wuya ya ce sunan ɗaya kaɗai ya dace da cutar. Guguwar da ta ci Fischer ba ta bar gidan Alzheimer ba ma: da yake Cecilie daga gidan Yahudawa ta fito, surukinsa Georg Stertz, mijin Gertrud, ya rasa kujerarsa ta farfesa a Kiel a 1937.

Ɗakin binciken Munich ya zama makaranta ga duniya. Ɗalibai sun tuna yadda yake zagayawa daga madubi zuwa madubi, tabarau na reto a wuya, yana ajiye sigarinsa a teburin wannan ya manta ya kunna wani a teburin wancan, har a wayi gari kowane tebur da guntunsa. Daga wannan ɗaki Friedrich Lewy ya fito, wanda a 1912 ya gano wasu dunƙule a ƙwaƙwalwar masu cutar Parkinson da ake kira da sunansa. Nan Hans Creutzfeldt da Alfons Jakob suka yi horo, da Ugo Cerletti, wanda daga baya ya fara jinyar taɓin hankali da wutar lantarki. Cikinsu akwai ɗan Afirka ta Yamma. Solomon Carter Fuller, haifaffen Monrovia ta Laberiya a 1872, jikan bayin da suka fanshi kansu a Amurka suka komo Afirka, ya karanta likita a Boston, ya zo Munich a 1904 ya yi kusan shekara guda. Da ya koma Amurka ya ci gaba da binciken, a 1912 ya wallafa bitar duk waɗanda aka sani da cutar zuwa lokacin, tare da fassara bayanin malaminsa zuwa Ingilishi. Ta hannunsa masu karatu da wannan harshe da yawa suka fara sanin aikin, kuma shi ma ya yi shakkar cewa ɗigo da zaren kaɗai sun isa su bayyana cutar.

Inda hanyar Alzheimer ta cije shi ne a kan cututtukan da suka fi cika asibiti da matasa. A 1899 Kraepelin ya raba manyan cututtukan hankali gida biyu: wadda ke kama saurayi ko budurwa da jin muryoyi da ruɗaɗɗen tunani, wadda Eugen Bleuler ya sa wa suna sikizofireniya daga baya, da kuma wadda ke kai mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsanancin baƙin ciki. Kraepelin ya yi imani ta farkon ciwon ƙwaƙwalwa ce, ya kuma zuba ido ɗakin Alzheimer ya kawo hujja. Alzheimer ya duba, ya ba da rahoton raguwar ƙwayoyi a wasu sassan ɓawon, ya gabatar da bayani a kai a 1913, amma bai sami tambari irin na tunjere ko na Auguste ba, kuma babban littafin da ya yi niyyar rubutawa a kan wannan fanni bai kammalu ba. Masu bincike na shekarun 1920 suka nuna cewa yawancin sauye-sauyen da ake dangantawa da cutar ana samunsu a ƙwaƙwalwar masu lafiya ma, ko kuma ciwon ajali da jinkirin adana gawa ne ke haddasa su. Fannin ya yi sanyi har wani masani ya kwatanta shi da maƙabartar masu binciken ƙwaƙwalwa. Sai a 1976 Eve Johnstone da Timothy Crow da abokan aikinsu a Ingila suka yi amfani da sabuwar na'urar ɗaukar hoton cikin kai, suka nuna cewa ramukan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa sun fi faɗi a masu daɗaɗɗiyar sikizofireniya. Bincike da yawa sun tabbatar da haka tun daga lokacin, sai dai bambanci ne da ke fitowa idan an gwada rukuni da rukuni. Har yanzu likita ba ya ɗaukar hoton kan mutum guda ya ce ga sikizofireniya ko ga ciwon baƙin ciki. Da hira da lura ake gane su, kamar yadda aka yi a Frankfurt.

A 1912 aka naɗa shi farfesa kuma shugaban asibitin taɓin hankali na jami'ar Breslau, birnin da yanzu ke ƙasar Folan da sunan Wrocław, ya gaji Karl Bonhoeffer da ya koma Berlin. Kujerar da ya daɗe yana buri ce. A cikin jirgin ƙasa, kan hanyar zuwa kama aiki a watan Agusta, zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka kama shi, ciwon ya sauka a zuciya. Bai sake samun cikakkiyar lafiya ba. Yana numfashi da ƙyar yake koyarwa, ga yaƙin duniya na farko ya kwashe masa mataimaka ya cika masa asibiti da sojojin da fagen fama ya gigita, har ya yi rubutu a kan illar yaƙi ga jijiyoyi a 1915. A watan Disamban shekarar Perusini ya mutu sakamakon raunin da ya samu yana taimakon sojojin Italiya da aka jikkata. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 19 ga Disamba, 1915, zuciya da ƙoda suka gaza, Alzheimer ya rasu yana da shekara 51, daidai shekarun Auguste ranar da ya fara ganinta. Aka kai gawarsa Frankfurt aka binne kusa da matarsa. Waɗanda suka rubuta ta'aziyyarsa, har da Nissl, sun fi yabon aikinsa a kan tunjere. Cutar da ke ɗauke da sunansa da ƙyar aka ambace ta.

Haka ta zauna rabin ƙarni, ana ɗaukarta baƙuwar cuta da ba a cika gani ba. A farkon shekarun 1960 Michael Kidd a Ingila da Robert Terry a Amurka suka duba zaren da madubin lantarki suka ga yadda aka tufka shi. A 1968 Gary Blessed da Bernard Tomlinson da Martin Roth a Newcastle suka nuna cewa yawan ɗigon a ƙwaƙwalwar tsoho yana tafiya da tsananin giginsa kafin ya mutu. A 1976 Robert Katzman ya yi kira da a daina raba gigin da ke zuwa da wuri da na tsufa, domin cuta ɗaya ce, kuma tana cikin manyan masu kisa. Da aka karɓi wannan, cutar da ake ƙirga masu ita da yatsu ta zama ta miliyoyi. A 1984 George Glenner da Caine Wong suka gano furotin ɗin da ke taruwa ya zama ɗigon, wanda ake kira amiloyid, ba da daɗewa ba aka gano cewa zaren kuma wani furotin ne mai suna tau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ke fama da gigi, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari daga cikinsu saboda cutar Alzheimer, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke.

Nijeriya ma ta shiga wannan tarihi. Daga 1992 likitocin jami'ar Ibadan, ƙarƙashin Benjamin Osuntokun sannan Adesola Ogunniyi, tare da Hugh Hendrie na jami'ar Indiana, suka bibiyi tsofaffin Yarabawa a Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata a Indianapolis da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna sababbin masu kamuwa sun fi ƙaranci a Ibadan, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa abinci da lafiyar jijiyoyin jini da yanayin rayuwa suna da hannu, ba gado kaɗai ba. Ƙaranci dai ba rashi ba ne. Tsohuwar da ta fita ta ɓata a unguwa, tana sambatu, ba ta san sunanta ba, wadda a wasu garuruwanmu ake taruwa a kanta da zargin maita, sau da yawa abin da ke kanta shi ne abin da aka gani a gilashin Munich.

Fayil ɗin Auguste ya ɓace shekaru da dama. A watan Disamba na 1995, lokacin cika shekara 80 da rasuwar Alzheimer, Konrad Maurer da abokan aikinsa suka tono shi a ma'ajiyar asibitin jami'ar Frankfurt, da rubutun hannun likitan, da hotunan matar, da takardar da ta yi ƙoƙarin rubuta sunanta a kai. A 1997 Manuel Graeber da tawagarsa suka gano gilasan ƙwaƙwalwarta, sama da 250, a wani ɗakin ƙasa a Munich, rinin bai kuɗe ba. Da aka sake duba su da kayan zamani, ɗigon da zaren suna nan yadda ya bayyana su. A 2013 wasu masu bincike suka ba da rahoton cewa sun ciro ƙwayoyin gado daga gilasan, sun sami wani sauyi da ke haddasa cutar da wuri a cikin dangi, wanda zai bayyana dalilin kamuwarta tana da shekara hamsin. Shekara guda bayan haka wata tawagar ta maimaita gwajin a kan naman nata, ba ta sami sauyin ba.